Farar Ƙofar da Ke Kan Rufin Garejina

Ku samarin da kuke zuwa ku tsaya bakin garejina kuna kallo, kada ku ɗauka ba na jin abin da kuke faɗa. Ina fesa ruwa ina jan roba a jikin mota, sai ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa ya ce, "Wannan ai ko ni zan iya, manna leda ne kawai." To, na ji. Tunda kun ce a koya muku, ku samu wuri ku zauna. Zan gaya muku yadda aikin nan mai sauƙi yake, da yadda ya kusa raba wani dattijo da abincinsa ta dalilina.

A unguwar Ridina aka haife ni, nan cikin Njamena. Kakana ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa zai je Makka, ya tsaya garin nan don ya ƙara guzuri, sai aure ya riske shi, tafiya ta ƙare a nan. Sana'ata ta farko fentin mota ce. Na daɗe ina gurzar jikin mota da samfefa, har na yi aure na haifi 'ya'ya biyu ban taɓa ganin ledar kariya da idona ba. Wanda ya nuna mini ita shi ne Usta Ɗanjuma (Usta muke ce wa gwanin sana'a), wani ɗan unguwarmu da ya yi shekaru yana aiki a Jidda, ya dawo ya buɗe wannan garejin na unguwar Habbena. Da farko ledar gilashi ya fi yi, baƙa, wadda ke tare rana. Farar ledar da ake liƙa wa fenti kuwa, sai a wata biyu ba a samu mai so ba.

Motar farko da na ga an yi wa ita ta wani injiniyan rijiyoyi ce mai yawan zuwa gabas. Tsohuwar motarsa na tsaye kusa da sabuwar, kuma duk wanda ya dubi gabanta ya san hanyar da take bi. Tsakuwa ta fiffige fentin kafo, wato murfin inji, ƙayar daji ta zana gefenta, tsatsa ta fara cin ramukan. Usta ya ce aikin ledar ke nan, ita za ta sha dukan a madadin fenti. Ana sa ta a kafo, da goshin mota, da madubai, da bakin ƙofofi inda farce da makulli ke karta. In an yi ta daidai, mai mota zai tsaya a gabanta ya tambaye ka ina ledar take.

Wata uku na yi ban taɓa motar kowa ba. Usta yakan liƙa leda a kan farar takarda, ya ba ni reza, ya ce in yanke ledar kada in bar wa takardar tabo. In na gama sai ya ɗaga ta a rana. Ko layi ɗaya ya gani, sai ya ce, "Ka yanka wa mutum mota, Haruna. Sake." Ni da nake magidanci, ina zaune ina yankan takarda kamar ɗan firamare, matata ma dariya take yi mini. Amma a nan hannuna ya koyi nauyin da zai ɗora. Reza in ta ratsa leda kawai, shiru take tafiya. In ta taɓa fenti, tana da wata 'yar ƙara da kunne ke kamawa, kuma in ka ji ta, aiki ya riga ya ɓaci.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai raklet, wato robar da ake korar ruwa da ita. Akwai reza mai karyewa, wadda kake karye bakinta bayan kowane yanka biyu ko uku. Akwai kwalaben feshi biyu: ɗaya ruwa da ɗigon sabulun wankan jarirai, don leda ta yi santsi ka ja ta inda kake so, ɗaya ruwa da ɗan alkol na kantin magani, don baki ya kama. Sai na'urar busar da gashi irin ta mata, da muke ɗumama lungu da ita. Ruwa kuma ba daga famfo kai tsaye ba. Usta yana da randa ginin ƙauyen Gaoui a kusurwa, a tace ruwa da ƙyalle a zuba, ya kwana ya kwanta. Randar tana sa shi sanyi, ba ya saurin bushewa a kan ƙarfe. Kafin a buɗe leda sai an yayyafa wa ƙasa ruwa, an rufe ƙofa, an kashe fanka. Za ka yi gumi har ya shiga idonka, amma ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin leda, nan za ta zauna tana kallon mai mota har ranar da ya sayar.

Wata mata mai shagon atamfa ta taɓa kawo mana motarta kwana huɗu da yi mata sabon fenti. Usta ya danna farce a can ƙasan ƙofa, ya ce ta dawo bayan wata guda, fentin bai gama shan iska ba. Ta yi fushi, ta kai wa wani. Ranar da aka zo cire ledar, da fentin ta taso. Tun daga nan nake tambayar kowa ko an taɓa sake wa motarsa fenti, kuma ko ya ce a'a sai na buɗe ƙofa na duba bakin roba da kaina.

Amma babban ilimin Usta ba a hannu yake ba, a kan rufi yake. Ya samo ƙofar wata tsohuwar farar mota, ya hau da ita kan kwanon gareji, ya ɗaure da waya, fuskarta na kallon sama. Duk naɗin leda da ya shigo, ko daga Dubai, ko daga Kano, ko daga Duwala, sai ya yanki kamar faɗin tafin hannu ya liƙa a ƙofar, ya sa alama a gefe. Kwana arba'in za ta yi tana shan rana kafin a sa wa motar kowa. Yakan ce yatsa zai gaya maka kauri, ja zai gaya maka ko tana miƙewa ta koma, hanci zai gaya maka irin ƙaron da aka shafa mata, amma ko za ta ja launi, wannan ranar Njamena ce kaɗai ta sani. Mai kyau takan sauko fes. Marar kyau takan yi rawaya, wata ma ta tsattsage. Da Allah Ya yi masa rasuwa, ni na ci gaba da garejin, da randar, da ƙofar.

Sai shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa. Sababbin manyan motoci suka cika gari, kowa yana so tasa ta daɗe tana ƙyalli. Aiki ya yi mini yawa har ina mai da mutane. A lokacin na yi suna da wa'azi guda ɗaya, wato gazuwal, man dizal ke nan. Masu wankin mota na bakin kogi suna da al'ada, in sun gama wanki sai su ɗiga gazuwal a tsumma su goge jikin mota don ta yi sheƙi. Ga fenti ma ba alheri ba ne, ga leda kuwa guba ce, yana bin baki ya narkar da ƙaro, ya bar dabbare-dabbare. Duk direban da ya zo ɗaukar mota sai na tsayar da shi na karanta masa: kada a wanke ta sai bayan mako guda, kada a sa garin sabulun wankin kaya, kada a harba ruwa mai ƙarfi a bakin leda, kashin tsuntsu da na jemage a wanke shi a ranar, in an ga ƙurjin ruwa a bar shi rana za ta shanye, kada a huda, kada a sa farce a baki, kuma kada gazuwal ya kusance ta. Har tsokanata suke yi, suna kirana Usta Ban-da-gazuwal.

A cikin direbobin nan babu mai saurarona kamar Baba Isiyaku. Shi ma ɗan Ridina ne, ya girme ni nesa, kuma ya fi shekara ashirin yana tuƙa Alhaji Mamman, wani babban ɗan kasuwar ƙaro. Mutum ne marar yawan magana. Ba ya kai mota bakin kogi. Yana da bokitinsa da tsummansa, shi yake wankewa da hannunsa kowace safiya.

A farkon bazarar wata shekara Alhaji Mamman ya sayi sabuwar farar mota, zai shiga daji da ita wajen masu tara ƙaro cikin mako guda. Ledar da na gwada ta ƙare, mai kawo mini bai dawo daga tafiya ba. Abin da ke hannuna shi ne wani naɗi da wani baƙon ɗan kasuwa ya shigo da shi ta Kusiri, bakin iyakar Kamaru, kwana biyu kafin nan. Na taɓa ta, kauri daidai. Na ja ta, ta miƙe ta koma. Na sansana, babu abin zargi. Shi kansa mai kawowar bai san komai a kanta ba, kaya ya gani ya saro. Alhaji ya ce, "Usta, ba zan shiga ƙaya da sabuwar mota tsirara ba. Ka yi mini ko in kai wani wuri." Ni kuma ba na so a ce motar Alhaji Mamman ta fita daga hannun wani. Sai na yanki tafin hannu na hau na liƙa a ƙofar rufi, na sauko na sa wa motar a ranar. Na gaya wa kaina ai na bi ƙa'ida, tunda na liƙa. Aikin ya yi kyau ƙwarai, har wasu abokan Alhaji huɗu suka kawo nasu, na yi musu daga naɗin nan.

Bayan an yi ruwan farko, wata ranar Talata da la'asar, sai ga farar motar ta tsaya a bakin gareji. Kafonta ya koma launin shayi da madara. Alhaji ya fito ransa a ɓace, Baba Isiyaku na bayansa riƙe da makulli, maƙwabtana masu walda da faci duk sun taso kallo.

"Usta, dubi motata. Me ke jawo wannan?"

Na duba. Rawayar ta bi ko'ina bai ɗaya, ta fi ƙarfi a sama inda rana ke duka, gefe kuma da sauƙi. Bakin ledar lafiya lau, babu inda ya ɗaga. Gazuwal ba haka yake ɓarna ba, kuma duk garin nan babu wanda ya fi ni sanin haka. Tsoro ne ya kama ni, na tuna sauran motoci huɗun, na tuna sunana. Sai na ji bakina ya ce, "Gazuwal yana yin irin wannan, Alhaji."

Baba Isiyaku ya ce, "Wallahi Alhaji, ban taɓa sa mata ba. Ni nake wanke ta."

Alhaji ya ce, "Ga mai aikin ya faɗa. Ɓarnar ba ta dame ni ba kamar rantsuwar. Shekara ashirin, yau kake mini ƙarya a gaban mutane? Kalas, shi ke nan. Ba ni makulli."

Ya miƙa masa. Alhaji ya ja motarsa da kansa, dattijon ya gyara hularsa ya kama hanya da ƙafa. Ni kuma na koma ciki na ci gaba da aikin da nake yi. Tsani yana jingine a bayan gareji, kwana biyu ina wucewa ta gabansa ban hau ba.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga Baba Isiyaku da bokiti a hannu. Ya ce, "Lale, Usta." Na ce, "Lale, Baba, afe?" Ya ce afe, wato lafiya. Ya ajiye bokitin, ya fito da kayan ciki ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan benci: tsumma biyu na tsohuwar rigar auduga, soso mai laushi, da kwalbar sabulun jarirai irin wanda na ce ya saya.

Ya ce, "Ba roƙo na zo yi ba. Alhaji ya yanke, shi ke nan. So nake ka duba kayan nan ka gaya mini inda na kuskure. Ina da iyali, dole in nemi wani gidan, kuma ba na so in je in ɓata wa wani motarsa."

Na ɗauki tsumman na kai hanci, don dai in samu abin yi da hannuna. Gazuwal in ya taɓa tsumma ba ya fita ko an wanke sau goma. Wannan ƙanshin sabulu kawai yake yi. Mutumin bai ma yi tunanin ni ne mai laifin ba. Ya yarda da maganata fiye da abin da hannunsa ya sani. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce ya zauna ya jira ni, na zaga baya na hau tsanin.

Yankunan leda sun fi ashirin a jikin ƙofar, tun na zamanin Usta. Wanda na liƙa a farkon bazara ba sai an neme shi ba. Launinsa ɗaya da kafon Alhaji, kuma babu mai wankin motar da ya taɓa hawa rufina.

Na kwance wayar, maƙwabcina mai walda ya taya ni muka sauko da ƙofar. Na nuna wa Baba Isiyaku. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dube ni. Ya tattara tsummansa ya zuba a bokiti ya tafi gida.

Da la'asar na ɗora ƙofar a amalanke na tura har ƙofar gidan Alhaji. Na same shi a kan darduma da abokan kasuwancinsa ana shan shayi, biyu daga cikinsu motocinsu na ɗauke da ledar nan. Na yi sallama, na jingine ƙofar a jikin bango. Alhaji ya dubi ƙofar ya dube ni, ya ce mu shiga ciki.

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a nan zan faɗa. Waɗannan bayin Allah sun riga sun ji cewa Baba Isiyaku ya yi rantsuwar ƙarya, gara su ji sauran."

Na nuna musu yankin, na ce wannan daga naɗin da na sa wa motarsa ne, rana kaɗai ya sha. Na ce ƙa'idar gidanmu kwana arba'in ce, ni kuma ko kwana ɗaya ban jira ba. Ɗaya daga cikin baƙin ya tashi ya je ya leƙa kafon tasa motar, ya dawo bai zauna ba.

Alhaji ya ce, "Ranar da na zo, ka san haka?"

Na ce, "Na gane, Alhaji. Tsoro na ji."

Ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce, "Ledar da ta lalace, wannan kasuwa ce, kowa yana gamuwa da ita. Amma ka tsaya kana kallo na ci mutuncin mutumin da ya ɗauki 'ya'yana zuwa makaranta tun suna ƙanana." Ya tashi ya shiga motar da kafonta mai rawaya, ya nufi Ridina. Da safe Baba Isiyaku ne ke tuƙa shi.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Motoci biyar na cire wa leda, kuma cire marar kyau ya fi liƙa mai kyau wuya sau goma. Ba ta tasowa gaba ɗaya, gutsi-gutsi take karyewa, sai ka bi ta da ruwan zafi da na'urar busar da gashi, sannan ka zauna kana murje ƙaron da ya rage da yatsa har fatar ta saɓule. Ɗaya daga cikin motocin ashe an taɓa yi wa kafonta fenti, ya taso, na sake fesa shi. Labari ya zaga kasuwa, aiki ya ɗauke ɗif. Na koma gurzar samfefa a garejin wasu, ni da ake kira Usta. Sai da aka sake yin wata bazarar kafin mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya.

Alhaji bai sake taka garejina ba, amma ya bar wa direbansa zaɓin inda za a kai motar. Da na samu naɗi mai kyau, ya yi kwanakinsa a rufi, sai na aika wa Baba Isiyaku. Ya zo da motar, muka gaisa lafiya lau. Ya ce, "Wannan kwana nawa ta yi a sama?"

Na ce, "Arba'in da biyu, Baba. Fes take."

Ya ce, "Madalla. Ina tsanin?"

Mutum ya haura sittin, gwiwa tana damunsa. Na ce ya bari in sauko masa da ƙofar. Ya ce a'a. Ya naɗe babbar rigarsa, ya cire takalmi, ya hau a hankali ina riƙe masa tsanin. Ya duba alamar, ya shafa yankin da yatsa, ya sauko ya miƙo mini makulli.

Haka ya yi ta yi har ya bar tuƙi. Bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. Yakan kawo mini dabino in sun dawo daga arewa, ya zo sunan 'yata, ya turo mini direbobi da yawa. Amma duk ranar da ya kawo mota, in na ce masa leda ta yi kwanakinta, sai ya yi murmushi ya nemi tsani. Shi ya sa kuka ga tsanin nan matakansa kusa-kusa, ni na sa aka ƙara masa don gwiwar Baba Isiyaku.

Ƙofar tana nan a sama, kuma yankin nan mai rawaya ban cire shi ba. Jiya na ji ɗayanku yana cewa naɗin da aka kawo shekaranjiya ai da gani mai kyau ne, me za a jira. Kai ne ko? To, ajiye raklet ɗin. Ga tsani can, hau ka gani, ni zan riƙe maka.